Kawu Mai Washi: Shekara Arba'in da Shida a Kan Dutse

Kafin masu shagunan layin su gama kokawa da kwaɗo da sakata, shi ya riga ya jiƙa duwatsunsa. Guda uku ne: mai kaushi, da matsakaici, da wani ɗan siriri mai santsi kamar sabulu, wanda tsakiyarsa ta lotsa saboda daɗewa. Yakan jera su cikin tsohuwar roba, ya zuba ruwa har ya shanye kansu, ya zauna a benci yana kallon 'yan kumfa suna tasowa. Sai kumfar ta ɗauke yake cewa dutse ya ƙoshi. Kafin nan, ko wane ne ya kawo aiki sai ya jira. In mutum ya matsa masa, sai ya ce, "Kai ka karya kumallo ka fito. Shi fa?"

Rumfar tasa ba ta fi taku huɗu ba, can ƙarshen layin masu walda, bayan kasuwa, daidai inda kwata ta yi kwana. Abin da ke ciki ba shi da yawa: benci, da keken washi da ya harhaɗa da kansa da ƙafar tsohon keke da feda ɗaya, da fatar da ya buga a jikin katako don goge bakin wuƙa, da akwatin ƙarfe inda yake ajiye kayan mutane, kowanne a naɗe cikin tsumma. Ba ya rubuta sunan kowa. Ya san kowace wuƙa da mai ita yadda makiyayi ya san shanunsa. Hannunsa na hagu, daga wuyan hannu zuwa gwiwa, babu gashi ko ƙwaya ɗaya, don a nan yake gwada kaifi shekara arba'in da shida.

Mutanen layin Mai Washi suke ce masa. In wani ya tsokane shi, ya ce tsoho da kai kana wasa da wuƙa, sai ya girgiza kai ya ce, "Wasa wuƙa nake yi, ba wasa da wuƙa ba. Wanda bai san bambancin ba, ya riƙa duba yatsunsa."

Ƙarshen watan da ya wuce ya rufe rumfar, kuma ba zai sake buɗe ta ba. Wannan jinjina ce gare shi tun yana da rai, tun ana iya karanta masa ya ji da kunnensa. Mai karatu ya sani tun yanzu cewa akwai kunya a cikinta, kuma kunyar ba tasa ba ce.

In ka tambayi mahaucin da ke bakin ƙofar kasuwa, zai ce maka dabbar da aka yanka da wuƙar da Mai Washi ya wasa ba ta shan wahala, kuma shi a nan yake auna mutum. Wata mai ɗinki ta ce almakashinta na gado ya taɓa faɗuwa a siminti ya karkace, ga kayan makaranta jibge ana jira. Ta kawo shi tana matsar ƙwalla. Ya ajiye aikin kowa, ya wuni a kansa yana bugu a hankali yana gwadawa a ƙyalle, har almakashin ya koma yanka kamar bai taɓa faɗuwa ba. Ungozomar unguwa kuwa ta ce duk sanda ta kawo nata kayan, sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa, ya kuma canja ruwan robar.

Amma labarin da mai waldan da ke maƙwabtaka da shi ya fi son bayarwa shi ne na mutumin nan mai jan ido. Wata rana da hantsi wani ƙato ya faɗo rumfar yana huci, ya dire barho a kan benci ya ce a wasa masa yanzu-yanzu. Kowa a layin ya san sun kwana biyu suna rigima da ƙanensa a kan katangar gidan gado. Mai Washi ya ɗauki barhon, ya jujjuya shi, ya ɗora a kuncinsa.

"Wannan ƙarfen ya yi zafi," in ji shi. "Sai ya kwana uku a ruwa."

"Wane irin zafi? Ga shi nan sanyi ƙalau!"

"Kai ne mai washin ko ni?"

Ya jefa barhon a akwati ya danna kwaɗo. Mutumin na juya baya, ya ce wa mai walda ya duba masa rumfa, ya tafi da ƙafa har wurin aikin baffan mutanen ya ce masa maza ya shiga tsakanin 'ya'yansa. Sai bayan wata guda mutumin ya dawo, kai a sunkuye. Mai Washi ya miƙa masa barhonsa yadda ya kawo shi, a dakushe.

"Ya huce?"

"Ya huce, Baba."

Kai ne wannan, Mai Washi. Kai ne ka san cewa ba kowace wuƙa ake wasawa ba, kuma ka san ta inda za ka ƙi ba tare da ka wulaƙanta mai ita ba. Waɗannan su ne mutanen da suke shigo maka ta gaba, su ambaci alherinka a gaban kowa. Akwai kuma waɗanda suke zagayowa ta baya.

A wancan ɓangaren gari akwai wasu mutum huɗu da Allah Ya jarabce su da son wuƙar aljihu, irin mai naɗewa ɗin nan da ake buɗewa da babban yatsa. Da Injiniya, da wani likitan haƙori, da Lauya, da wani direban babbar mota da ake kira Dogo. Kowace Asabar da la'asar sukan haɗu a garejin Likita, su shimfiɗa tsohon bargo a kan tebur, kowa ya fito da abin da ya kawo. Matansu suna ce musu 'Yan Kaifi, kuma ba yabo suke nufi ba. Ƙa'idarsu ɗaya ce: wuƙa ka saya inda ka ga dama, amma kaifinta ya zama aikin hannunka. Sai gwaji: a riƙe takardar jarida a iska a tsaga ta daga sama har ƙasa ba tare da ta yage ba, a aske gashin hannu, a yanka tumatir siriri har a hango haske ta cikinsa, ba tare da an dafe shi da hannu ba, a yanka igiya a ga sau nawa kafin baki ya mutu. Na ƙarshe, mai wuya, a soki tsohuwar taya a murɗa a zare, sannan a koma kan takarda a ga ko saura kaifi.

Shekara uku Injiniya yana cinye su. Yana da na'urar washi da ya yi odarta daga waje, mai awon kwana da ƙananan duwatsu kala-kala, kuma ya iya bayani. In ya fara zancen yadda ake kwantar da wuƙa a dutse, da nauyin da hannu zai saki, sai ka rantse a maƙera aka yanke masa cibi. Gaskiyar magana kuwa, sau biyu ya taɓa gwada na'urar, ya lalata wuƙa biyu, ya mayar da ita kwali. Kowace Alhamis yakan ajiye motarsa can nesa wajen gidan mai, ya cire hular aiki, ya bi ta lungun bayan masu walda, ya tsallake kwata ya shiga rumfar Mai Washi. Maganganun da yake burge abokai da su ranar Asabar, a nan yake tsinto su.

Kuma Mai Washi ba bare ba ne a wurinsa. Kawunsa ne, ƙanen mahaifiyarsa ciki ɗaya. "Ɗan Yaya" yake ce masa tun yana cikin zanen goyo. Injiniya bai taɓa zama ya ce wa ransa yana jin kunyar kawunsa ba. Abin da ya sani kawai shi ne zancen bai taɓa tasowa a gareji ba, shi kuma bai tayar ba. Shekara ta farko ya so ya faɗa. Ta biyu ya ga an yi nisa. Ta uku ya fara jin kamar da gaske hannunsa ne, tunda shi yake ɗaukar wuƙar ya kai.

Ranar da abin ya faru, Likita ya gayyato baƙi biyu masu irin wannan sha'awa daga wani gari, Lauya kuma ya kafa waya a kan ƙafa uku yana ɗauka. Injiniya ya zo da wata wuƙa mai baƙin mariƙi. Tun ranar Juma'a yake ganin kiran Kawu a waya, har sau biyar, yana cewa zai kira anjima. Yana tsaye a kan tebur, wuƙa a hannu, yana cewa, "Ni in na ɗora ta a dutse, kunnena nake ba ta, ba idona ba," sai aka yi sallama a bakin gareji.

Kawu ne. Da rigar aikinsa mai baƙin ruwan dutse a gaba, da silifa, ƙafafu sun yi futu-futu, gumi yana bin wuyansa. Asabar ce ranar da aiki ya fi yi masa yawa, amma ya rufe rumfa ya je gidan Injiniya, matar gidan ta yi masa kwatance, ya ƙaraso da ƙafa.

Injiniya ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi a ƙeya. Ya dubi baƙi, ya dubi wayar da ke ɗauka. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce, "Wane ne?"

Bakin Injiniya ya riga hankalinsa. "Wani tsoho ne mai washi a kasuwa. Shi yake wasa wa iyalina wuƙaƙen kicin." Ya juya ya ɗaga murya yadda ake yi wa kurma. "Baba, ka je can gida ka same su mana. Nan ba wurin aiki ba ne."

Kawu ya dube shi. Ba daɗewa ya yi ba, kamar ƙiftawar ido biyu. Sannan ya bi sauran fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, bai nuna ya san kowa ba.

"Gaskiya ne, yallaɓai," in ji shi. "Ɓatan kai na yi."

Yallaɓai. Daga bakin mutumin da ya sha share masa majina da gefen rigarsa.

"Sai dai tunda ƙafa ta kawo ni, wuƙar nan ta hannunka, kada a soki abu mai tauri da ita. Makullin da ke riƙe bakinta in an buɗe ya gaji."

Injiniya ya ƙaƙalo dariya. "To, mun ji, likitan wuƙa. Sauka lafiya."

Baƙin suka yi dariya. Su Likita ba su yi ba; kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ga kujera babu kowa a kai, ga ruwan sanyi a kula, babu wanda ya ce masa bismilla. Kawu ya yi sallama ya juya, ƙarar silifarsa tana raguwa har ta ɓace.

Aka ci gaba da gwaji. Takarda ta tsage ba ƙara, tumatir ya fita siriri kamar ɓawon albasa, baƙi suna ta jinjina kai. Injiniya ko ɗanɗanon yabon bai ji ba. Da aka mirgino taya, sai ya dafe wuyan hannunsa ya ce tun safe yake masa ciwo, yau a ɗauke masa wannan. A ransa ya san Kawu bai taɓa faɗin abu a kan ƙarfe ya zama ba haka ba.

"Ai ba za a bar baƙi da rabin kallo ba," in ji Likita. "Kawo in soka maka."

Kafin Injiniya ya yi wani motsi, Likita ya ɗauki wuƙar daga kan bargo, ya buɗe ta, ya dunƙule yatsunsa huɗu a kan mariƙin, daidai ramin da bakin yake komawa in an naɗe. Yatsun da yake cin abinci da su, yatsun da yake shiga bakin mutane da su. Ya durƙusa gaban taya ya ɗaga hannu.

"Ajiye! Likita, don Allah ajiye ta!"

Ihun Injiniya ya sa har Lauya ya ture wayarsa. Injiniya ya karɓe wuƙar. Ya zaro fensir daga aljihu ya gitta shi a kan mariƙin inda yatsun Likita suke, ya riƙe ta gefe, ya buga bayan wuƙar a gefen tebur. Bugu ɗaya, ba ma da ƙarfi ba. Bakin ya rufto, ƙas! Rabin fensir ya yi tsalle ya faɗa cikin tumatir.

Likita ya daɗe yana kallon hannunsa. Sai baƙon nan ya ce, "To shi mai wasa wuƙaƙen kicin, yaya aka yi ya san ciwon wuƙar da bai taɓa riƙewa ba?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Injiniya ya nemi kujerar nan da ba a ba Kawu ba ya zauna.

"Ya riƙe ta," in ji shi. "Shi ya wasa ta shekaranjiya. Duk wuƙar da na taɓa kawowa nan, shi ya wasa. Ban iya ba. Ko aska ban iya wasawa ba. Kuma ba wani tsoho ba ne. Kawuna ne. Ƙanen mahaifiyata."

Ya jira a yi masa dariya, ko a zage shi. Sai ya ji Lauya ya yi gyaran murya.

"Ni ranar Talata nake zuwa."

Likita bai ɗago ba. "Ni Litinin. Ta bayan masu walda."

Dogo ya tafa hannu. "Ni kam ban taɓa ɓoyewa ba, tambayata ce ba a yi ba. Amma wallahi yau da ya shigo, ni ma na yi kamar ban san shi ba. Tir da mu."

Ashe shekara uku tsoho ɗaya ne yake gasa da kansa a garejin nan, ƙatti huɗu suna karɓar tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya shigo ya ga fuskoki huɗu da ya sani sarai, kalma ɗaya ta ishe shi ya kwance musu zani a gaban baƙi, ya haɗiye ta ya ce ɓatan kai ya yi.

Injiniya ya fita da mota yana bin titi a hankali yana leƙe, bai gan shi ba. Rumfa a rufe. Ƙafarsa ta ƙi kai shi gidan Kawu, sai ya zarce gidan mahaifiyarsa. Ya tarar da Inna a tsakar gida tana ninke wanki, ga kofin ruwa a kan tabarma.

"Yanzu kawunka ya tashi daga nan," in ji ta. "Ruwa ya tsaya ya sha. Ya ce ya je wajenka ya tarar kana da manyan baƙi, bai so ya dame ka ba. Sai yabonka yake, wai ka iya tsayuwa gaban mutane."

Da zaginsa Kawu ya yi, da ya fi masa sauƙi. Ya zauna a bakin tabarma ya faɗa mata komai, bai rage ba. Inna ba ta daina ninkin ba sai da ya kai kan "wani tsoho". Nan ta ajiye zanen.

"Ɗan nan, da mahaifinka ya rasu, shekararka nawa?"

"Shida, Inna."

"Wa yake ɗora ka a gaban keke kowace safiya ya kai ka makaranta kafin ya buɗe rumfa? Wa yake fiƙe maka fensir, har malaminku ya aiko yana tambaya ko shi ma za a fiƙe masa? Da ka yi ƙyanda, wa ya rufe aiki sati biyu?" Ta dube shi sama da ƙasa. "Ni na haife ka, amma ban san na haifi mai iya wannan ba. Tashi ka ba ni wuri. Kuma kada ka aika masa kowa, kada ka kira shi a waya. Da bakin da ka faɗa za ka je."

Lahadi ta wuce bai iya zuwa ba. Sau biyu yana ɗaukar makullin mota yana ajiyewa. Litinin da safe ya tuƙa har cikin layin masu walda, ya tsaya a ƙofar rumfar, inda kowa zai gani. Kawu yana zaune yana jiran duwatsu su ƙoshi. Injiniya ya durƙusa a jiƙaƙƙen simintin da wandon ofis.

"Kawu..."

"Kowa da yatsunsa?"

"Kowa, Kawu."

"To alhamdu lillahi. Tashi, ruwan dutse ba ya fita a tufa."

Bai tashi ba. "Na ce ban san ka ba. A gaban mutane. Ka taka gari guda don ka tsare mini hannu, ni kuma na kore ka kamar mai bara."

Kawu ya juya ruwan robar da yatsa. Masu walda sun kashe injinsu, wai hutawa suke yi.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Ɗan Yaya, ya yi mini zafi. Da na fito, na tsaya a bakin titi na rasa ko dama zan yi ko hagu, ni da na san garin nan kamar tafin hannuna. Amma na yafe tun kafin in kai gidan Yaya. In ban yafe maka ba, wa zan yafe wa? Tashi, mutane na kallo."

"Su kalla, Kawu."

"To ni ba na so. Zauna nan."

Ya zauna a gefen benci. Da ƙyar ya iya tambaya: me ya sa bai tona su ba, su duka huɗun?

"Wanda ya kawo mini kaya a naɗe, a naɗe nake mayar masa. Ni ina ruwana da wanda ya ci? Dogo yakan zo ya ba ni labari, in ce madalla."

"To me ya sa tawa take ci kullum? Ko kana ƙara mini ne?"

Nan Kawu ya yi dariya har da tari. "Dutse bai san ɗan Yaya ba. Shafa ɗaya nake muku. Kai Alhamis kake zuwa, ba ka samun lokacin ɓarna. Su kuwa tun farkon mako suke karɓa, su yi ta yanka takarda a ofis suna jin daɗi, kafin Asabar baki ya kwanta."

Sai dariyar ta ɗauke. Ya ɗauko ɗan siririn dutsen ya share shi da tafin hannu.

"Ni ma ina da tawa kunyar. Wuƙar nan a hannuna ta wuni. Shekarun baya, kallo ɗaya zan yi in ga makullin ya ci. Ban gani ba. Idon ya fara hazo, ban faɗa wa kowa ba. Na rufe ta na ba ka, sai washegari ina alwala ƙarar da ta yi ta dawo mini a kunne, na ce wannan ba ƙarar lafiya ba ce. Ranar da na miƙa wa mutum wuƙar da za ta cije shi, ranar na san aiki ya ƙare. Ƙarshen wata zan rufe."

Injiniya ya rasa inda zai sa kansa. Ga mutumin da kuskure ɗaya cikin shekara arba'in da shida ya hana shi sukuni har ya ajiye sana'a, ga shi shi kuma da ƙaryar shekara uku yana barcinsa lafiya lau.

Makonni ukun da suka rage, babu Asabar a garejin Likita. A rumfar suke haɗuwa, su huɗu a matse a benci ɗaya, kowa da tsohuwar wuƙar kicin da Kawu ya ba shi, don ya ce ba za a koyi aski a kan mai tsada ba. Ya riƙa kama hannunsu yana kwantarwa. "Sassauta, Lauya, ba gardama kake da ita ba." "Likita, haƙori kake cirewa?" Duk wanda ya zo wucewa ya tambaya, Injiniya yakan miƙe ya ce, "Kawuna ne, aiki yake koya mana." Ya faɗa har sai da Kawu ya ce ya isa haka, ya fara zama talla.

Ranar ƙarshe ya bar wa mai walda keken washin, ya raba wa su huɗun duwatsu biyu su riƙa karɓa-karɓa, ya sa ɗan siririn a aljihu ya ce wannan tare za su tsufa. Yanzu yana gidan babbar 'yarsa, ana shirin duba masa idon. Sun koma gareji. Asabar ɗin da ta wuce takardar Injiniya ta yage tun daga rabi, tumatir ya fashe masa a tebur, ya zo na huɗu cikin mutum huɗu. Ya kwashi wuƙar ya kai wa Kawu ya gani. Tsohon ya ɗora bakinta a farcen babban yatsa, ya ja a hankali, ya ce, "Ba laifi. Za ta yanka burodi."

Mai Washi, Kawun Injiniya, kawun duk wanda ya taɓa tsallake kwatar nan, mun gode. Kai ne ka yi aiki a bayan fage wasu suka sha tafi, ba ka taɓa cewa uffan ba. Kai ne aka ƙi ka a gaban baƙi, ka tsaya sai da ka faɗi abin da zai tsare hannun wanda ya ƙi ka, sannan ka tafi. Ka yi kuskure ɗaya ka ɗauke shi da nauyinsa, ka koya wa masu manyan takardu abin da ake kira kunya. Allah Ya ba idonka lafiya, Ya sa hutun nan ya yi tsawo, Ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba.

Mai karatu kuma, in kana da sana'a, ka riƙe ta yadda wannan bawan Allah ya riƙe tasa: ka gyara aikin wanda zai gode da na wanda ba zai gode ba. In kuwa kai ne ake yi wa aikin, ka tuna akwai wani da hannunsa yake cikin duk abin da ake yaba maka, wataƙila ma jininka ne. Kada ka jira sai ya tako da ƙafa ya same ka cikin manyan baƙi. Ka je tun yau, da rana tsaka, ka gaishe shi da sunan da ka saba kiransa a gida, da ƙarfi yadda na kusa za su ji.